Gidanmu Yana Bayan Tsamiya

Ni ce auta a ɗakin Inna, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe kuwa ya san gatan da ke cikin wannan. Na hau cinyarta har sai da ƙafafuna suka fara jan ƙasa. Ni ke sa hannu a kwanonta, ni ke mayar mata da magana ta yi dariya ta ce wata rana bakin nan nawa zai jawo mini. Yayanmu kuwa, ɗanta na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In ta zuba masa tuwo sai ta turo mini kwanon ta ce, "Ungo, kai wa wancan." In ya kwana da zazzaɓi, da safe sai ta aike ni in dubo ko mutanen ɗakin zaure sun tashi lafiya, alhali mutum ɗaya ne tal a ɗakin. Kunyar ɗan fari ce, haka ta taras ana yi, ta kuma riƙe ta hannu bibbiyu. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son sa. Sai da na yi wayo na lura cewa tsokar da ta fi kowace girma kullum a ƙarƙashin tuwon wancan take ɓuya.

A ƙofar gidanmu a Daura akwai wata tsohuwar tsamiya mai inuwa har tsakiyar hanya. Da ita ake kwatancen gidanmu. Ba mu da lambar gida, layinmu ma ba shi da suna a lokacin. Duk baƙon da ya sauka a tasha ya ce gidan dillalin awaki na bayan tsamiya, za a kawo shi har zaure. A gindinta Yaya yake zama bayan la'asar da gurminsa. Ba mu gaji kiɗa ba, Baba dillali ne a kara, kakanmu ma haka. Wajen wani tsoho mutumin Damagaram da ke zuwa cin kasuwar Mai'aduwa ya koya, tun yana raka Baba da awaki. Yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In ya fara kaɗawa, Inna takan ɗauko tsintar shinkafa ko ɓarar gyaɗa ta zauna a jikin katangar da ta fi kusa da waje, wai nan ne ya fi iska.

Ina sakandare aka dawo da shari'a a jiharmu. Masallatai suka cika, mu 'yan mata muka ƙara tsawon hijabi, masu biki suka fara jin nauyin kiran makaɗa. A da Baba yana kawar da kai ga gurmin, yana cewa ƙuruciya ce, zai bari. Yanzu kuwa in ya fito sallah sai ya riƙa jin idon mutane a bayansa, ga shi a sahun gaba yake tsayawa. Wata safiya ya kira Yaya zaure ya ce ya zaɓa, ko gurmi ko gidan nan. Su biyun zuciyarsu iri ɗaya ce, babu mai lanƙwasuwa. Yaya ya shigo ya ɗauki jakarsa, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, na tafi." Tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya tsare, kamar kasuwa zai je ya dawo. Ni na yi kukan, na bi shi har gindin tsamiya ina jan rigarsa. Da na dawo na tarar garin ya ƙare a rariyar tuntuni, tana ta kaɗa ta babu komai a ciki.

Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Labarinsa a bakin fatake muke tsinta: an gan shi a Damagaram, an gan shi a hanyar Agadas, daga nan shiru. Bayan 'yan shekaru aka zo faɗaɗa hanya da gina magudanar ruwa, aka sare tsamiyar, aka haƙa rijiyar burtsatse kusa da inda take. Kafin a jima kowa ya koma cewa layin famfo. Yaran da suka taso bayan nan ba su ma san an taɓa yin bishiya a wurin ba.

Baba ya kwanta ciwon ajali ina Katsina ina karatun kwamfuta, aka aika na zo. Kafin ya cika ya riƙe hannun Baffa, ƙanensa, a gabana da gaban Inna ya ce, "In Allah ya sa kun gan shi, ku ce mashi na yafe. Ya dawo gida." Muka amsa da to. To ɗin nan ce ta zame mana kaya, domin saƙo ne a hannunmu ba mu san inda za mu kai shi ba. A ɓoye Baffa ya riƙa tambayar direbobin da ke ƙetare iyaka, babu wanda ya san mai wannan suna. Na ce a ba da cigiya a rediyo. Baffa ya ce ba a cigiyar mai gemu da ya fita da ƙafarsa, tonon asirin gida ne. Na dubi Inna ko za ta sa baki, ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Ba za ta iya buɗe baki ta ce a nemo mata ɗanta na fari ba, ko da ranta zai fita. Abin da nake tsoro ke nan kuwa, don hawan jini ya riga ya kama ta. Ina gudun kada ita ma ta tafi ba ta sake jin muryarsa ba, saƙon Baba kuma yana nan a ajiye.

Da na gama karatu na samu aiki a wani shagon intanet kusa da tasha. Aikin bai wuce buga takardu da katin biki da buɗe wa ɗalibai imel ba, ga ƙarar janareto da ke sa mutum ya koma gida kansa na sarawa. In babu mutane nakan buga sunan Yaya a injin bincike, in samu masu irin sunansa ba iyaka, babu nawa a ciki. A nan na koyi haɗa shafin intanet, da 'yan takarduna na makaranta da kuma leƙen bayan shafukan mutane in ga yadda suka yi nasu. Inna kuwa tun da ta fita takaba ta koma sana'ar da ta koya wajen mahaifiyarta, turaren wuta da humra. Amare na son haɗinta. Direbobin tasha ke kai mata shi Katsina da Kano a kwalabe, a naɗe da tsumma. Sai na ce bari in yi mata shafi, ko don in gwada hannuna a kan abin gida.

Da na faɗa mata ta ce, "Ke da ba ki iya tuƙa tuwo babu gudaji ba, ke ce za ki sa ni a cikin kwamfuta?" Na ce ai kwamfuta ba ta cin tuwo. Ta yi dariya ta ce in yi abin da na ga dama, ita dai kada a sa hotonta. Na ɗauki hoton kwalabe da kasko, na rubuta irin haɗin da take yi, har na kai ƙasan shafi, inda ake sa adireshi da lambar waya.

Wurin nan yana da wani aiki da mai karatu ba ya gani. Mutum in ya ga an rubuta Daura ya san gari ne, in ya ga jerin lambobi ya san waya ce. Na'ura ba ta san wannan ba, baƙaƙe kawai take gani a jere. Don haka a bayan shafi akan kewaye kowace kalma da alama. A buɗe alama a ce wannan titi ne, a rubuta titin, a rufe. Haka za a yi wa gari, da jiha, da ƙasa, da lambar waya. Sannan a zuba su duka cikin wata babbar alama da ke cewa nan ne ake samun mai wannan shafi. Inna ma tana yin irin haka. Kwalabenta duk kamarsu ɗaya, sai ta ɗaura wa kowace zare a wuya, ja na amare, baƙi na masu jego, don kada direban da bai san ƙamshi ba ya musanya. Da na kwatanta mata da zaren, nan take ta gane, ta ce ashe boko ma satar fasaha yake yi.

Ranar na dawo gida da takarda da biro, na same ta tana jiƙa itacen turare. Na ce, "Inna, adireshi zan sa. Layin famfo, ko?"

Ta ce, "Ki sa bayan tsamiya."

"Wace tsamiya? Wadda aka yi girki da itacenta tun kafin in tafi Katsina?"

"Ita."

"Inna, yanzu layin nan har suna gare shi, an kafa allo a bakin hanya. Gidan nan ma lamba aka rubuta mashi a bango."

"Wannan masu allurar yara ne suka rubuta kayansu, ba ni na aike su ba. Ni tun da aka kawo ni garin nan a bayan tsamiya aka sauke ni."

Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci ban iya ɓoyewa ba. Na ce ana yin adireshi ne don a samu mutum, ba don a ɓata ba. Ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta ci gaba da juya itacenta. Can ta ce, "Auta, shafin nawa ne ko naki?" Na ce nata ne. Ta ce to.

Maganar lamba ta fi wannan zafi. Baffa ya ji labari ya zo da kansa bayan an sauko daga Juma'a. Ya zauna a zaure, ni a bakin ƙofa, Inna tana daga ciki. Ya ce bai hana sana'a ba, amma lambar matar yayansa ba za ta zauna inda kowane ɗan iska zai gani ba. A sa tasa, duk mai son turare ya kira shi, shi zai aiko. A raina na ga dacewar hakan, don wayar Inna a ƙasan filo take kwana ta wuni, caji ya ƙare ba ta sani ba. Amma na ce, "Baffa, wurin nan ƙa'idarsa lambar mai shafi ake sawa, ba ta wakili ba." Gaskiya ce, amma son gardama irin nawa ya sa na faɗa. Sai muka ji muryar Inna daga ciki, a hankali, ita da tun rasuwar Baba ba ta taɓa musa masa magana ba.

"Baffansu, a bar tawa. Na tsufa, ba mai sace ni ta waya."

Baffa bai ja da ita ba. Ya tashi ya sa takalmi ya ce Allah ya sa albarka. Daga baya na gane ya riga ni fahimta.

Washegari na zauna gaban kwamfuta, na buɗe alamar titi, na rubuta bayan tsamiya, na rufe ina tsaki. Na sa unguwa, na sa Daura, na sa jiha da ƙasa, kowace a mazauninta. Shafi ya hau. Na buga shi a takarda na kawo mata ta gani. Inna ajami take karantawa, boko bai wuce mata zane-zane ba. Ta kalli hoton kwalabenta ta ce sun fi kyau a nan, sannan ta ce in nuna mata inda tsamiyar take. Na nuna. Ta ɗora yatsa a wurin.

"Har ina da ina ake ganin wannan?"

"Ko'ina a duniya, in dai akwai intanet."

"Har Nijar?"

"Har Nijar."

"An ce matan can na son turare," in ji ta, ta miƙo mini takardar ta koma wajen kaskonta.

Kira ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, wahala kuma ta biyo bayansa. Masu acaɓa na yanzu ba su san tsamiya ba. Wata hajiya da za ta aurar da 'ya ta taso daga Kano da motarta, ta yi ta zagaye unguwa cikin rana tana tambaya, har aka raka ta wata tsamiyar can bayan gari, sai da wata tsohuwa mai ƙosai ta ji ta ce ai layin famfo take nema. Hajiyar ta shigo tana huci, ta ce wane marar hankali ne ya rubuta wannan adireshin. Ina tsaye a wurin, na haɗiye zagin. Inna ta ba ta ruwan randa, ta ƙara mata kwalba ɗaya kyauta, ba ta ce uffan a kan adireshi ba.

Bayan tafiyar hajiya na ce yau kam sai na gyara, ko Inna ta so ko ta ƙi. Ina cikin faɗa wayar ta yi ƙara. A nan na ga abin da na daɗe ina kallo ban gani ba. Wayar da a da take kwana a ƙasan filo, yanzu a haɓar zanenta take ƙulle. Ta goge hannu, ta kwance, ta kara a kunne. Ba ta yi magana ba, ta tsaya tana saurare tukuna. Da ta ji muryar mace ce sai kafaɗunta suka sauka, ta ce, "Wa'alaikumussalam, e, nan ne."  Duk Daura babu mai neman gidanmu da tsamiya sai wanda ya bar garin tana tsaye. Inna ba ta iya cewa a nemo shi, ba ta iya kiran sunansa, sai ta sa ni na rubuta masa kwatance a inda duniya duka za ta gani, da lambar da in ya kira ita za ta ɗauka. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na fito na tambaye ta ko a ɗora sanwa. Ban ce mata na gane ba, don da na faɗa da na kunyata ta.

Daga ranar aikin ya zame mini wani abu dabam. Na koma bayan shafin na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Na karanta cewa in an yi su daidai, injin bincike kan ɗauko adireshi da lamba ya nuna su a ƙarƙashin sunan shafi tun kafin mutum ya shiga. Na yi ta gyara ina jira har sai da na ga hakan da idona: in ka buga Daura da sunan unguwarmu, ga turaren Inna, ga bayan tsamiya a ƙasansa. Lambar kuwa na rubuta ta ne yadda muke rubutawa a nan, da sifili a gaba. Sai na tuna wanda ke ƙetaren iyaka in ya buga ta haka ba za ta shiga ba. Na cire sifilin na sa lambar ƙasa. Sannan na ƙara mata wata alama da ke sa in mutum yana duba shafin a waya ya taɓa lambar da yatsa, kira ya tafi kai tsaye ba sai ya kwafa ba. Mai shagonmu ya leƙo ya ce duk wannan wahala a kan turaren wuta? Na ce masa an ce matan Nijar na son turare. Don masu saye kuma na ƙara layi ɗaya a can ƙasa, cewa baƙo in ya iso tasha ya kira a kwatanta masa.

Damina ta zo ta wuce, aka yi sallah ƙarama aka yi babba, wata daminar ta sake zuwa. Ciniki ya buɗe, har Inna ta samu maƙwabciya tana taya ta daka. Amma ƙafafunta sun fara kumbura, likita ya ƙara mata magani, tashi daga tabarma ma sai ta dafa bango. Wani lokaci nakan ji haushin Yaya har wuya. Mutum ya san hanyar gidan ubansa, me ya riƙe shi? Wani lokaci kuma in ce wa ya sani ko yana raye, wa ya sani ko ya taɓa riƙe wayar da ke shiga intanet. Inna dai kullum da safe sai ta miƙo mini wayar ta ce in duba mata ko da caji, wai kada masu turare su kira su ji ta a kashe.

Ranar da abin ya faru ina gida, da hantsi, ina wanki. Inna tana soya itacen turare da sukari a kan garwashi. Wayar ta yi ƙara. Ta goge hannu, ta kwance, ta kara, ta yi shirunta na kullum. Shirun ya yi tsawo. Na ɗago na ga kafaɗunta ba su sauka ba. Ta janye wayar daga kunne a hankali kamar mai riƙe da ƙwai, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Karɓi. Wani ne."

"Wa ye?"

"Mai tambayar bayan tsamiya ne." Ta juya mini baya ta ɗauki ludayinta.

Na goge kumfa a zane na yi sallama. Muryar ta yi kauri, ta manyanta, amma ko daga barci na tashi zan gane ta. Ya ce, "Don Allah nan ne gidan bayan tsamiya?"

Na ce, "Yaya, ai an sare ta."

Ya ce, "Auta ce? Na sani. Na san an sare ta. Wani direba ya faɗa mani tuntuni, shi ne ya faɗa mani rasuwar Baba."

"To me ya hana ka zuwa?" Da faɗa na fara, halina ne.

"Da wane ido, Auta? Ya rasu yana fushi da ni."

A Agadas yake, yana sayar da shayi a bakin tasha, kuma can da wani laƙabi aka san shi, shi ya sa tambayar Baffa ba ta same shi ba. Ya ce tun da ya sayi waya mai shiga intanet, in kewar gida ta dame shi yakan buga Daura ya zauna yana kallon hotunan gari. Ran nan ya ƙara da sunan unguwa, sai ga bayan tsamiya a gabansa. "Na ce garin nan an daina faɗin haka. Duk wanda ya rubuta wannan da ni yake." Ya kwana biyu yana buɗewa yana rufewa, ya kasa kira. "Yau ma ba kira na yi niyya ba, wallahi. Yatsa kawai na ɗora a kan lambar ina shafawa, sai na ji tana shiga. Kafin in kashe an ɗauka."

Na miƙe tsaye, don saƙon ya fi ƙarfin a faɗe shi a zaune gaban bokitin wanki. Na ce, "Yaya, akwai saƙonka, ya daɗe a hannunmu. Baba kafin ya cika ya riƙe hannun Baffa, a gabana da gaban Inna, ya ce in an gan ka a ce maka ya yafe. Ya ce ka dawo gida."

Ban taɓa jin babban mutum yana kuka ta waya ba sai ranar. Na bar shi ya yi, ni ma ina taya shi. Inna na can ta ba mu baya tana juya kasko. Turaren har ya fara kamawa, ita da ban taɓa ganin ta ƙona haɗi ba.

Da ya natsu ya tambayi lafiyarta, shi ma a kaikaice, wai ya mutanen gida. Na ce suna nan suna jin ka. Ya ce ya yi aure, yana da 'ya ɗaya, ta fara surutu, sunan Inna ya sa mata. Na maimaita da ƙarfi, wai don in tabbatar na ji daidai. Ludayin ya tsaya. Inna ba ta juyo ba, da kaskon ta yi magana.

"Ki ce a kawo mani takwarar tawa in gan ta. Yarinya kuma ba ta tafiya ita kaɗai, sai a samu wanda zai rako ta."

Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya yi dariya cikin kuka ya ce za a samu, in Allah ya yarda kafin sallah.

Da ya kashe, ƙaurin turare ya cika tsakar gida. Inna ta sauke kaskon, ta goge ido da gefen ɗankwali ta ce hayaƙin yau ya yi yawa. Na ce e, ya yi yawa. Ta karɓi wayarta ta mayar da ita haɓar zane, ta ƙulle, ta sake ƙullewa.

"Auta."

"Na'am."

"Gobe in kin je shagon ki cire tsamiyar nan, ki sa famfo. Bayin Allah na ta shan wahala cikin rana."

Na ce, "Sai yau kika ga wahalar tasu?"

Ta jawo wani kaskon ta ɗora a kan garwashi ta ce, "Ai ta gama aikinta."